Neman kalma: me za mu kira "addiction" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma guda nake nema, kuma ina son mu tsayar da ita tare. A asibitocinmu na Garwa da Marwa likita yakan rubuta "dépendance" ko "addiction" a takarda, wani lokaci "toxicomanie", amma in ya juyo wajen uwar yaro sai ya rasa ta cewa. Ƙarshenta a ce mata, "Mama, shaye-shaye yake yi." To ai ta sani, abin da ya kawo ta ke nan. Abin da take son ji shi ne dalilin da ya sa yaron da ya dafa Alkur'ani ya ce ya daina, ya yi watanni lafiya lau, ya wayi gari ya koma.

Shaye-shaye sunan aikin ne kawai, bai faɗi halin da mutum ya shiga ba. Kuma ya bar mutane da yawa a waje. Saurayin da ke zuba kuɗin cefane a cacar ƙwallo, parifut ɗin nan da ta cika unguwanni, bai sha komai ba, amma ya sayar da wayarsa, ya ci bashi, ya yi wa mahaifinsa ƙarya, gobe kuma yana bakin shagon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundinta na cututtuka a 2019, ya fara aiki a 2022, kuma a ciki ta ajiye caca da wasannin bidiyo a babi ɗaya da giya da ƙwaya. Saboda haka kalmar da muke nema dole ta ɗauki wanda ke haɗiya da wanda ba ya haɗiyar komai.

Wasu masu fassara sukan ce "dogaro da ƙwaya". Ban yarda ba. Faransancin aka ɗauko aka sa masa hula. A bakin Bahaushe dogaro abin yabo ne: dogaro ga Allah, dogaro da kai. Tsohuwa ba za ta ji haɗari a cikinta ba.

"Maye" da "buguwa" ma ba su kai ba, kuma tiramol ne shaidata. Yawancin waɗanda suka faɗa masa a nan ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan kilando yana son ya kai dare a kan babur, manomi yana son ya gama huɗa kafin ruwa ya wuce, lebura yana son ya daina jin bayansa. Har shanun noma ana ba su. A 2013 wasu masu bincike suka sanar cewa sun sami tiramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka ɗauka itaciyar ce ke yin sa da kanta. A 2014 masana daga Dortmund ta Jamus suka nuna cewa daga fitsari da kashin shanu da na mutane ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotse. Ku duba yawan abin da aka sha kafin a kai ga haka. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini, amma a kasuwa akwai ƙwaya guda mai 225, kuma ba guda ɗaya ake sha ba, shi ya sa ake ganin samari na faɗuwa suna farfaɗiya. Irin wannan mutum in ka ce masa ɗan maye, zai ce maka shi bai taɓa tangaɗi ba, aiki yake yi. Gaskiyarsa ce, kuma daga nan ka rasa shi.

Akwai mai cewa a ɗauki "maita", tunda mukan ce wane mayen shayi ne, wane mayen ƙwallo. A raha tana da daɗi. Amma a garuruwan da har yau zargin maita ke raba aure yana korar mutum daga unguwa, ba zan so a rubuta ta a katin asibitin kowa ba.

Saura biyu, sabo da jaraba, kuma a nan ne nake son mu daɗe.

Masana sun raba abin gida biyu. Na farko na jiki ne. Jiki yakan saba da abu har ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. In an yanke, sai zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma, rashin barci. Wahala ce ta gaske, ga mai shan giya da yawa ma yankewa farat ɗaya tana iya kisa, don haka a yi ta a hannun likita. Amma tana da iyaka, kwanaki ne ko 'yan makonni. Kuma majinyacin da aka daɗe ana ba shi maganin ciwo mai ƙarfi yana iya shiga wannan hali ba tare da zuciyarsa ta ɗamfaru da maganin ba. Wannan ɓangare "sabo" ya dace da shi. Sai dai a rubuce "sabon jiki" zai rikita mai karatu, ya ɗauka jiki ne sabo fil. Don haka na fi son "sabawar jiki".

Na biyun shi ne mai wuyar, shi ne kuma amsar tambayar uwar nan. Jiki ya warke, gudawa ta tsaya, abinci na shiga, amma tunani bai saki ba. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari, dofamin, wanda ke koya mata abin da ya cancanci a sake nema. Ƙwaya da caca sukan motsa shi fiye da kima, har ƙwaƙwalwa ta haɗa abin da duk abin da ke kewaye da shi: tashar da ake tsayawa, abokin da ake sha tare, ranar da kuɗi suka shigo, ɓacin rai bayan faɗa a gida. Bayan wata shida mutum ya bi ta wannan lungu, sai abin ya taso masa kamar jiya ya bari. Iyayenmu sun hango wani abu da suka ce sabo turken wawa, domin an kwance igiya amma ana komawa gindin turken. Inda na rabu da karin maganar shi ne "wawa". Na ga masu hankali da ilimi da sallah a kan lokaci a cikin wannan hali.

Wannan na biyun nake ba da shawarar mu kira "jarabar zuci". Jaraba tamu ce, ba sai an koya wa kowa ba. Muna cewa jarabar goro, jarabar taba, jarabar caca, jarabar waya, ta ɗauki abin sha da abin yi duka. A cikinta akwai ma'anar abin da mutum ya san yana cutar da shi, yana son ya bari, ya kasa. Kuma tana da dangantaka da jarrabawa, abin da ke iya samun kowane bawa.

Na san aibinta. "Jarababbe" zagi ne, kuma sau da yawa in an ce wane yana da jaraba, hankali kan tafi wajen neman mata. Shi ya sa nake cewa kada a bar ta ita kaɗai. A ce "cutar jaraba" ga abin gaba ɗaya, mutumin kuma "mai fama da cutar jaraba". Kalmar cuta tana sauya abin da dangi za su yi. Wanda aka ce ya lalace, duka da ɗauri da kora ake yi masa. Wanda aka ce ba shi da lafiya, magani ake nema masa, a zauna da shi, a raba shi da tashar da abokan, a sa ido ranar da ya karɓi kuɗi. In ya koma, a san cewa cutar ce ta motsa, a sake ɗaukar sa.

Ga matsananciyar sha'awar da ke tasowa farat ɗaya kuwa, muna da tsohuwar kalma, "ƙawa", kamar yadda ake cewa ƙawar nama. Ma'aikacin jinya zai iya tambaya, "Ɗan'uwa, yaushe ƙawar ta fi taso maka, da safe ko in ka gaji?" Kowa zai gane, ba kuma wanda zai ji an muzanta shi.

Wadda ta rage mini ita ce "sevrage", kalmar Faransanci ta raba mutum da abin da jikinsa ya saba da shi. "Yaye" ta zo mini, don ma'anarsu ɗaya, sai dai ina tsoron magidanci mai 'ya'ya ya ji an mai da shi jariri. 'Yan'uwa na Kuseri da Njamena da Ngaundare, musamman masu aikin asibiti da malaman da ake kai wa irin waɗannan yara, me kuke cewa a wajenku?