Mutum kuke ɗauka ko wata halitta?

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum ƴan uwa. Gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu, har shayi ya huce. A wasannin duniyar tatsuniya, inda ake barinka ka ƙera jaruminka, wa kuka ɗauka, ɗan Adam ko wata halitta? Kowa ya faɗi abin da ya tarar da ya shiga wasan.

Na Bagalam:
Wa alaikumus salam. Ni a Skyrim, wanda ya fito a 2011, jinsi 10 aka baje mini, na ɗauki Khajiit, masu kan kyanwa, don suna gani cikin duhu. Da na isa birnin Whiterun sai na tarar da ayarin ƴan uwana fatake sun kafa tantuna a bayan ganuwa. Ba a barin su shiga gari, ana yi musu kallon ɓarayi da masu safarar skooma, wani abin maye. Babanmu fatauci ya yi tsakanin Maradi da Jibiya, na san irin duban da ake yi wa baƙo mai kaya. Wallahi daga ranar wajensu nake fara kai duk abin da zan sayar. Amma wani abu ya ɓata mini rai: ni da ke Khajiit kamarsu ina shiga gari ina fita yadda na ga dama, jinsina bai taɓa hana ni ƙofa ba. To mene ne amfanin wutsiyar?

Ƴar Ɗan Dikko:
Ni Redguard na ɗauka, ban ko tsaya duban sauran ba. Baƙar fata ce, tana da ƙasarta Hammerfell, mutanenta kuma su ne gwanayen takobi. Wanda ya saba ganin kamanninsa a kowane wasa shi ne zai ce mutum ya gundure shi. Ni tun ina ƙarama nake riƙe manet, wato abin sarrafa wasa, ban taɓa samun jaruma mai kama da ni ba sai ranar nan. Ku bar ni na ƙoshi da mutum tukuna.

Mai shagon wasa:
Gaskiyarki ƙanwata. Yaran da ke zuwa shagona ƙwallo suka fi bugawa, sai an tashi da dare nake kunna The Witcher 3. Dodanni sun cika wasan, na kashe su ba adadi, yanzu ko sunayensu ban riƙe ba. Wanda ya tsaya mini a rai mutum ne, Bloody Baron, mashayin da ke dukan matarsa Anna har ta gudu ita da ƴarsu Tamara. Yana kuka yana roƙon a nemo masa su. Na aje manet na rasa ko in tausaya masa ko in tsine masa, domin kowa a nan ya san gida irin wannan.

Ɗan Tibiri:
Na Bagalam, ciwonka yana da magani a Baldur's Gate 3 na 2023. A kwamfutar yayana na buga, na ɗauki drow, jinsin da ke zaune ƙarƙashin ƙasa. Da na isa ƙauyen da ƙananan dodannin goblin suka mamaye, maimakon faɗa sai suka hau rawar jiki suka ba ni hanya, don sun saba karɓar umarni daga irina. Su kuwa ƴan gudun hijirar tiefling, jinsi mai ƙaho da wutsiya, da tsoro suke dubana. Yayana da ya ɗauki mutum bai ga ko ɗaya cikin wannan ba. Sai da ya sake farawa daga tushe.

Auta:
Mu masu waya sai PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP. Kratos, jarumin God of War, aka ba mu, ba a tambaye mu ba. Yaya Ɗan Tibiri, don Allah ka roƙi yayanka ya zo da kwamfutar fada ranar Asabar bayan isha'i. Sukari da ganyen shayi a wuyana.