Kwana biyar da Hajiyata: Istanbul ko Alkahira?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku ba ni shawara. Shekara uku ke nan ina tara kuɗi in fita da mahaifiyata, ba don asibiti ba, don ta buɗe ido kawai. Tarihi ta koyar har ta yi ritaya, amma duk abin da ta koyar a littafi ta gan shi. Kwana biyar gare mu, na rasa wanne zan zaɓa tsakanin Istanbul da Alkahira. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma yaji ba ya yi mata daɗi.

Abu Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Ni dai Istanbul zan ce, saboda gwiwar nan. Aya Sofya da Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida suna kallon juna ne, fili ɗaya ya raba su, Fadar Topkapi kuma na bayan Aya Sofya. Ku sauka a unguwar, kun huta da shiga mota.

Aya Sofya tun 537 take tsaye. Coci ce, ta koma masallaci da Muhammad Al-Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi, a 2020 aka dawo da salla a cikinta. Na yi la'asar a can, na ɗaga kai na ga manyan allunan da aka rubuta sunayen halifofi, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. A Topkapi kar ku wuce ɗakin amanoni, inda takubban da ake jingina wa sahabbai suke, ga mai karatun Alƙur'ani zaune yana ta yi.

Ummu Aiman:
Malam, ban ƙi taka ba, amma malamar tarihi a ce ba ta ga Dalar Giza ba? Ga Azhar, ga Masallacin Ibn Tulun da aka gama a 879, wanda tsakar gidansa kaɗai ta isa a zauna a yi shiru. Koshari kuma, shinkafa da adas da taliya da soyayyar albasa, yajinsa daban ake kawowa. Sai dai gaskiya cunkoso da rana za su wahalar da Hajiya, in ba lokacin sanyi kuka je ba.

Abu Sadiƙ:
Haka ne, Hajiya. Istanbul ma akwai hawa da gangara, da duwatsun daɓe masu santsi in an yi ruwa, a samo mata takalmi mai laushi. Topkapi ba a buɗewa ranar Talata, babbar kasuwarsu mai rufi kuma ranar Lahadi. Abincin ba yaji. Ta fara da romon adas a matsa lemun tsami, sannan gaban Masallacin Sulaimaniyya akwai masu dafa farin wake da shinkafa, sau biyu na koma. Ranar da ƙafa ta gaji ku hau jirgin ruwa zuwa Uskudar, a zaune da shayi a hannu za ta tsallaka daga Turai zuwa Asiya.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. Na karanta mata duka yanzu. Abu ɗaya ta tambaya: wai kabarin Abu Ayyub Al-Ansari yana kusa?

Abu Sadiƙ:
Yana unguwar Eyup, ba nisa a mota. Ku je da sassafe, kuma ba ranar Juma'a ba, don ta samu wurin zama.