Bututun gas na AKK: wa zai sa ido kan tsaronsa a Kano?

Mazaunin Sharada: Assalamu alaikum. Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, mai tsawon kilomita 614, nake tunanin ƙa'idojin tsaro, musamman ganin yadda gine-gine ke cinye gonakin hanyar Zariya. Shin wace hukuma ce ke da alhakin gyara waɗannan ƙa'idoji?

Injiniya daga Bompai: Wa alaikumus salam, Malam. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wannan nauyi a kan hukumar NMDPRA, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da sarrafawa, jigila da rarraba man fetur da gas. A ganina, gyaran da ya fi muhimmanci shi ne hana gini da haƙa a kan filin da bututun ya ratsa, domin motar haƙa guda ɗaya tana iya fasa abin da tsatsa ba ta ci ba cikin shekaru.

Hajiya daga Hotoro: Injiniya, doka a takarda ba ta hana mai fili yanka fuloti. Sai an kafa alamomi da Hausa, an kuma sanar da masu unguwanni, tunda su ake kira shaida idan za a sayar da fili.