Koya wa unguwa zaman lafiya da hanya: me ya yi aiki a wajenku?

Uwar kwamitin mata, unguwar Zariya a Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Muna son shirya wayar da kai kan haɗarin hanya kafin komawa lakwal a watan Oktoba, tun daga yara har dattawa. Waɗanda suka san aikin, ku faɗa mana abin da ke shiga kunnen mutane. Lasifika da rumfa an sha yi, ana watsewa ana mantawa.

Malamin firamare, Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allo da alli ba sa koyar da tsallaka kwalta, sai an fita bakinta. A ɗauki yara goma-goma, da manya biyu. Motocinmu hannun dama suke bi, don haka hagu ake fara dubawa, sai dama, sai a sake duba hagu. Dubawa ta ukun ita yara ke tsallakewa, kuma nan ɗan kabu-kabun da ya kutso yake samunsu. Yaron da bai kai shekara 10 ba yana ganin mota, amma bai iya auna gudunta ba, kada a bar shi ya tsallaka shi kaɗai. A riƙe shi a wuyan hannu, tafin hannu yana zamewa in ya fizge. Kada ya ɓullo ta gaban motar da ke tsaye, direban da ke wucewa ba ya ganin ɗan guntun mutum. Inda babu gefen masu ƙafa, a bi hagu ana fuskantar abin da ke tahowa.

Mai koyar da tuƙi:
Malam ya yi gaskiya. Ga abin da ke rufe bakin masu gardama: igiya biyu, ɗaya mita 13, ɗaya mita 28. A shimfiɗa su a filin unguwa. Mota mai gudun kilomita 30 a awa, daga ganin yaro zuwa tsayawa, tana cin wajen tsawon gajeriyar. Mai gudun 50 tana cin doguwar. Dalili: a gudun 50, mota na shafe kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda, kafin ma ƙafa ta taɓa birki, sauran kuma birki ne ke cinye su. Wannan a busasshiyar kwalta da taya mai kyau ke nan. In yashi ya hau kwalta, kamar yadda muke gani bayan kowane ruwan sama, tazarar ƙaruwa take yi. A tsayar da yaro a ƙarshen gajeriyar igiyar, a tambayi direbobi: mai gudun 50 ya tsaya kafin nan? Shiru za ku ji.

Wani abu kuma, da yawa masu babur ba su taɓa zaman ajin permi (lasisin tuƙi) ba, ba su san cewa a mararrabar da babu alama na hannun dama ke fara wucewa ba. A zana mararraba a ƙasa da toka, a sa su taka da ƙafa.

Shugaban wata tashar kabu-kabu:
Hajiya, kada ku kira mu da safe, lokacin neman abinci ne, ba wanda zai zo. Ku same mu a tasha bayan azahar, minti goma sha biyar ya isa. Hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba, ita ke riga mai ita faɗuwa. A ɗaure ta yadda yatsa biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Hular magina ba ta babur ba ce. Samari masu cire madubi don gayu, a nuna musu sai sun waiga kafin su juya, kuma cikin waigen ake karo. A kan yashi kada a damƙe birkin gaba, tayar zamewa take. Mata kuwa ku ja musu kunne: bakin hijabi ko zane in ya sauka, sarƙa ko waya ta taya ke naɗe shi ta fizgo mutum ƙasa. A tattare shi a cinya kafin a tashi.

Direban babbar mota, hanyar Ɗan Isa:
Da dare abin tsoronmu amalanke ne, musamman ranar kasuwa, hanyar Ɗan Isa da ta Cadawa. Ba fitila, jaki ko sa ba ya ƙyalli. A liƙa leda mai ƙyalli ja a kusurwa biyu na baya, kuɗinta bai kai na gyaran taya ba. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma bai gan ka ba. Tankar mai in ta faɗi, gudu ake, ba ɗiba ba. A Yamai cikin watan Mayu na 2019 fiye da mutum 50 suka ƙone a haka.

Ma'aikaciyar jinya:
A ƙara da abin yi bayan an faɗi. A fara tsare hanya kada wata motar ta ƙara, a kira 18, lambar ƴan kwana-kwana. Kada a cire wa mutum hular kwano, kada a cicciɓe shi hannu da ƙafa, in wuya ya karye haka ake shanye shi. Kada a ba shi ruwa, ko ya roƙa, ƙila tiyata za a yi. Jini kuwa, tsumma mai tsabta a danna da ƙarfi. In ya jiƙe a ɗora wani a kai, ba a ɗaga na farko.

Dattijo, Mokoyo:
Ƴaƴana kun manta da mu da almajirai. Mu masu fita asuba ido ya rage, kunne ya rage, a ce mana mu sa farin tufafi mu riƙe cocila. Almajirai kuwa ba sa lakwal, sai an je wa malaminsu da ladabi, ranar Alhamis da ba karatu.

Uwar kwamitin mata:
Allah ya saka, Baba. Alhamis mai zuwa za mu fara da makarantar allo ta bakin kwalta. Malam mai tuƙi, a taimaka a zo da igiyoyin.