Steins;Gate: ta yaya goge saƙo yau zai canja abin da ya wuce?

Jama'a, masu bin Steins;Gate, shirin zane (anime) na Japan kan tafiya cikin lokaci, ina neman a warware min wani ƙulli a kashi na 22. Wanda bai kai nan ba ya dakata, akwai tonon labari.

Duk D-mail ɗin (saƙon waya da ake aikawa zuwa lokacin da ya wuce) da Okabe, jarumin labarin, ya soke a baya, na 'yan ƙungiyarsa Faris da Ruka da Moeka, sai da aka aika wani saƙo zuwa baya ya rushe na farko. Wannan a fili yake.

Amma saƙon farko, na 28 ga Yuli 2010, wanda Okabe ya aika yana cewa an soki masaniyar kimiyya Kurisu da wuƙa, ba haka aka yi masa ba. Da tsohuwar kwamfuta IBN 5100 aka shiga rumbun Echelon, tsarin leƙen asirin saƙonni, aka goge shi kawai, a lokacin da su Okabe suke ciki, ba a tura komai baya ba. Duk da haka duniya ta tashi daga layin tarihi na Alpha, inda Kurisu ke raye, ta koma na Beta, har Kurisu ta koma matacciya tun ranar 28.

To me ya taɓa baya? Ko SERN, ƙungiyar da ke neman mallake tafiya cikin lokaci, ba ta karanta saƙon ba sai nan gaba, shi ya sa zuwan Suzuha, matafiyar lokaci daga shekarar 2036, ya warware? In haka ne, wa ya turo Moeka ta kai wa su Okabe farmaki a kashi na 12?