Agogon nutso na asali: waɗanda suka taɓa saya, ku ba ni labari

Daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani dillali ya kawo mini Rolex Submariner, agogon masu nutso a ruwa, baƙi mai kwanan wata, da kwalinsa da katinsa, ya ce wani attajiri ne kuɗi suka matse shi. Miliyan 2 da rabi na sefa yake nema, kuma ya ba ni zuwa Juma'a. Na daɗe ina son agogon nan, amma gabana yana faɗuwa. Wanda ya taɓa saya, ko aka taɓa cuta, ya faɗa mini yadda ta kaya.

Daga Ngaundere:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sabon irin wannan, na ƙarfe, kuɗinsa a Turai ya haura Yuro dubu 10. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga ya haura miliyan 6 da rabi tun bai hau jirgi ba, ban da duwan, wato kuɗin kwastan. Kuma Submariner na hannu ba ya faɗuwa warwas kamar mota, sau da yawa ma ya fi sabo tsada saboda wuyar samu. Attajirin da ya matsu zai iya rage maka wani abu, amma ba zai bar maka miliyan 4 don Allah ba. Araha ba ta ado.

Daga Kuseri:
Alhaji, ni abin ya ci, bari in faɗa ko da za a yi mini dariya. Na je Dubai sarin kaya, na shiga wurin dillalan kamfanin, suka ce babu na sayarwa, sai dai in bar suna. A masauki wani ya ji ina zancen, ya kai ni wani shago a saman bene. An ba ni shayi, an fito da agogo cikin koren kwali. Duk abin da na karanta na duba: nauyi ya yi, hannun sakan yana tafiya sumul, ƙullin gilashin nan yana ƙara wa kwanan wata girma, sunan kamfani yana zagaye da bakin ciki, lambar da ke jiki ta yi daidai da ta kati. Na biya, na dawo ina taƙama.

Wata bakwai ina ɗaura shi. Sai damina ta zo, ruwa ya kama ni a kan babur tsakanin gada da gida, da safe na ga raɓa a cikin gilashi. Agogon da aka ce yana jure zurfin ruwa mita 300! Na kai wa mai gyara a Njamena, ya buɗe baya, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa na saya. Daga tambayar na san an gama da ni. Kwalin yana nan, yara suna zuba dabino a ciki.

Wani mai gyaran agogo, daga Marwa:
Allah ya mayar da alheri, Yaya. Abin da ya faru da kai shi ne masu jabu sun riga sun karanta duk alamomin da kuka karanta. Zancen nan na da, wai in hannun sakan yana tsalle to jabu ne, ya tsufa. Injin Submariner yana bugu 28,800 a awa, wato sau 8 a sakan, kuma injin kwaikwayo ma haka yake bugawa yanzu. Har ɗan rawanin da ake zanawa a gilashi wajen ƙarfe 6 suna yi. Kwali da kati kuwa daban ake sayar da su, kamar kwalin waya.

Abin da ke ba su wuya shi ne ciki. Wanda aka fitar tun 2020, mai lambar samfuri 126610LN, faɗinsa milimita 41 ne, injinsa 3235, yana yin awa 70 a ajiye bai tsaya ba. Nakan buɗe in duba siririn gashin da ke juya zuciyar agogo da yadda ake saita gudunsa, domin Rolex da 'yan ƙananan nauyi a jikin da'irar yake saitawa. Sannan in ɗora a na'urar awo. Kamfanin ya ce nasa ba ya wuce sakan 2 a rana, gaba ko baya. Tsoho da bai sha gyara ba, shi zai iya zarcewa, wannan ba laifi ba ne, amma yana rage kuɗi.

Akwai kuma wanda ya fi jabu ɓata rai: agogon haɗe-haɗe. Inji na asali, fuska ta wani, sarƙa ta kwaikwayo. Na taɓa ganin irinsa a hannun wani bawan Allah da ya gada, ban san ta inda zan fara gaya masa ba.

Alhaji, ka ce wa dillalin za a buɗe a gabanka kafin kuɗi su fita. In ya ce buɗewa tana ɓata agogo, ka ce masa albarka.

Daga Njamena:
Ni ban sha wahalar nan ba, domin na sauke buri. Na je neman Rolex, na dawo da Tudor Black Bay sabo daga shagon kamfani, da rasit da garantin shekara 5, kuɗin bai kai rabi ba. Hans Wilsdorf da ya kafa Rolex shi ya kafa Tudor, gida ɗaya ne. Abokina kuma Omega Seamaster Diver 300M ya saya na hannu ta Chrono24, shafin cinikin agogo a intanet, inda ake riƙe kuɗinka sai kaya sun iso ka gani. Bai yarda a aiko nan ba, ƙanensa da ke karatu a Faransa ya karɓa, ya kai aka duba. Omega na hannu yakan sauko ƙasa da sabo sosai, a nan ake samun sauƙi na gaskiya.

Wani kuma daga Marwa:
Ni fa ku yi haƙuri, ina za ku nutsa? Dam ɗin Lagdo? Kogin Mayo Kaliyawo ma rabin shekara yashi ne.

Daga Njamena:
Malam, ba don teku muke saya ba. Agogon da ruwa bai shiga, ƙurar hunturu ma ba ta shiga, ka yi alwala sau biyar ba ka cire ba. Ga shi ƙarfe ne, babu zancen zinariya ga namiji. Sai dai a riƙa murɗa maɓallin gefe ya kulle, kuma robar ciki tana bushewa da shekaru, in an kai gyara a ce su gwada shi da matsin iska.

Daga Ngaundere:
Abu ɗaya aka manta: agogo na iya zama na asali kuma na sata. Akwai The Watch Register a Landan, mai rajistar agogunan sata, ana biyan kuɗi kaɗan a bincika lamba. Ni da na sayi nawa na sa mai shi ya rubuta takarda da hannunsa, da lambar agogon, a gaban shaidu biyu. Kuma na yi sa'a ban saya a farkon 2022 ba, lokacin da farashin na hannu ya hau sama, daga baya ya yi ta sauka.

Daga Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira dillalin bayan la'asar, na ce gobe mu kama hanyar Marwa a buɗe, kuɗin mota a kaina. Ya ce mai agogon ba ya son a taɓa masa baya, amma in da gaske nake zai rage mini sefa dubu 300. Na ce ya ba ni lambar da ke jiki kawai. Har yanzu wayarsa a kashe take.