Taƙaitawa: neman ma'anar ruhi a baitocin waƙoƙin rock

An tattauna kan yadda ake neman ma'anar ruhi a baitocin waƙoƙin rock, wato wani salon kiɗan Turawa. Magana ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda cewa wasu waƙoƙin daga littafin addini aka ciro su kai tsaye. Waƙar "40" ta ƙungiyar U2 ta ƙasar Ayalan, wadda ta fito a 1983, daga Zabura ta 40 ta cikin Littafi Mai Tsarki take. Haka "Turn! Turn! Turn!" da 'yan ƙungiyar The Byrds ta Amurka suka rera a 1965, kalmominta daga Littafin Mai Hadishi sura ta 3 ne.

2. Shawarar da aka fi nanatawa: kafin ka ɗora wa baiti ma'ana, ka san halin da mawaƙin yake ciki lokacin da ya rubuta shi. An kawo misalin Bob Dylan, mawaƙin Amurka wanda ya koma waƙoƙin Kiristanci a 1979, da Cat Stevens, mawaƙin Birtaniya da ya musulunta a 1977 ya zama Yusuf Islam.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce duk abin da ya taɓa zuciyarka ya tuna maka da Mahalicci, ma'ana ce ta gaske, ko mawaƙin bai nufe ta ba. Wasu suka ce a'a, yin haka cusa wa mutum abin da bai faɗa ba ne. Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin waƙoƙin soyayya da yawa ana mayar da su addu'a da ƙarfin tsiya.

4. Kaɗan sun ƙi kiɗan gaba ɗaya saboda addini, amma sun ce karanta baitocin a rubuce ba laifi.